Lambun da Ya Cinye Mini Aure

Shekarun baya, ina budurwa a gidanmu na Ƙofar Kwaya, hukuma ta tashi gyara wani tsohon lambun shaƙatawa da ke cikin gari. Mu tun muna yara Lambun Lilo muke ce masa, saboda wani lilon ƙarfe da ya yi tsatsa a tsakiyarsa, sai itatuwan bedi da awakin unguwa ke shan inuwa a ƙarƙashinsu. Babu wanda ya damu da wurin sai da aka zagaye shi da katanga, aka shuka ciyawa, aka kafa fitilu. Nan da nan kowa ya tuna yana da kakan da ya cancanci a sa wa lambun sunansa.

A cikin sunayen da aka kai gaban kwamiti har da na mahaifina. Baba ɗan wasan kwaikwayo ne na rediyo. Duk wanda ya tashi a Katsina a zamaninsu ya san muryarsa, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne yake fitowa a matsayin wani maharbi mai cika baki, wanda ko ɓera ya gifta sai ya ɗare bishiya yana cewa, "Ku riƙe ni kada in yi ɓarna." A gida kuwa mutum ne shiru-shiru. Ya yi ritaya, ya sauke farali, daga masallaci sai tabarmarsa a zaure. Da aka zo aka gaya masa matasa sun ba da sunansa, cewa ya yi, "Yo ni mi zan yi da lambu? Ko tumatir ban iya shukawa ba."

A daidai lokacin an sa mini rana. Wanda zan aura ma'aikacin gwamnati ne, ɗan wani tsohon gida a cikin birni, irin gidajen da in ka tambayi yaro sunansa sai ya jero maka kakanni har ka gaji. Ina son shi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Danginsa sun yi bincikensu a kanmu kamar yadda aka saba, suka kawo goro da alewa, aka tsayar da biki bayan babbar salla. Mahaifiyata har ta fara jibge kwanuka da tukwane a ƙarƙashin gadonta.

Da tafiya ta yi tafiya sunaye suka rage biyu, na Baba da na wani marigayi alƙali da jikokinsa suka cika ofisoshin garin. Da farko muhawarar da daɗinta. Ni ce sarkin yaƙi a waya, duk wanda ya rubuta wata magana a kan Baba sai na bi shi na ba shi amsa, har da waɗanda yabonsa suka yi ban karanta da kyau ba. Na ce wa saurayina, "Ka shirya, ɗiyar mai lambu za ka aura." Ya yi dariya ya ce, "Ashe kyauta zan riƙa shiga."

Wata safiya muna tsakar gida, Inna na dama koko, Baba ya ajiye rediyo kusa da shi ana shirin nan da masu sauraro ke bugo waya. Sai wani dattijo ya shigo layi. Ya gaida mai gabatarwa, ya gaida iyalinsa, ya yi wa gari addu'a, sannan ya gyara murya.

"Ni ba ni da matsala da bawan Allahn nan," in ji shi. "Ya ba mu dariya, Allah shi saka mashi. Amma a tambaya mana, ɗan wa ne? Mu mun san ubanshi. Daga ƙauye ya shigo da kalangu rataye a kafaɗa, yana yi wa mahauta kiɗa a kasuwa ana jefa mashi tsoka. Yanzu duk garin ga an rasa ɗiyan asali, sai ɗan maroƙi?"

Ludayin Inna ya tsaya a cikin kwano. Kuma abin da mutumin ya faɗa gaskiya ne. Kakana makaɗin mahauta ne, kalangunsa ma na nan cikin buhu a ɗakin ajiyarmu. Ba ɓoye zancen ake yi ba, ba a dai tayar da shi ne. Baba ya rage muryar rediyon ya ce, "Allah shi jiƙan tsoho. Ya iya kiɗa kau." Ya ci gaba da shan kokonsa.

Da abin ya tsaya a nan, wataƙila da ya bi iska. Amma ina da wa mai zafin kai, kuma shi ne kan gaba a cikin matasan da ke goyon bayan Baba. A ranar ya shiga ɗakin ajiya ya zaro kalangun, ya kakkaɓe shi, ya rataya, aka ɗauke shi hoto ya watsa. Kafin mako ya zagayo hoton kalangun kakana ya hau riguna, ya hau bayan babura da ƙofofin shaguna, an rubuta a ƙasansa, "Ɗan makaɗi muke so." 'Yan acaɓa da leburori da duk wanda aka taɓa yi wa gorin ƙauye a garin nan suka ɗauki faɗan ya zama nasu. Zancen lambu ya koma zancen wa ke da gari.

Inna ta kira Yaya ɗaki ta ce, "Kai, ka bi a hankali. Ƙanwarka na da rana a kanta."

"In don wannan za su fasa, su fasa mana," in ji shi. "Mu ba mu jin kunyar kakanmu."

Faɗar haka ba wuya ga wanda ba aurensa ne a kan layi ba. Ni kaina, don kada in yi muku ƙarya, har tafa masa na yi a ranar. Ina ganin jarumta ce, ban san garin neman gira za a rasa ido ba.

Sannu a hankali kiran saurayina ya ja baya. Ƙannensa mata da ke ce mini "amaryarmu" suka daina leƙo ni. Na je wani biki, ana cikin kiɗan ƙwarya wata mata ta ɗaga murya ta ce a matsa mini in zauna, ai sana'ar gida ce. Aka yi shewa, ni ma na yi yaƙe. Ba a jima ba baffan saurayin ya zo gidanmu da wani dattijo. Suka yi doguwar gaisuwa da Baba a zaure, aka tambayi gida, aka tambayi jiki, aka taɓa zancen damina. Daga ƙarshe suka ce sun zo ne a ɗan jinkirta biki, akwai 'yan shirye-shiryen da ba su kammala ba, kuma tsohuwar yaron ta ce a ƙara istihara. Duk wanda ya san garin nan ya san ba a dawowa daga irin wannan istiharar.

Na cire kunya na kira saurayin nawa a waya. Na ce, "Ka gaya mani gaskiya, ba ku san ko mu su wane ne ba kuka zo?"

Ya ce, "Wallahi sun sani. Tun lokacin bincike aka hwaɗa masu. Hajiyarmu ta ce ba komi, tunda zance ya tsufa ba mai tunawa. Amma yanzu duk gidan da ta shiga sai an tambaye ta ina kalangun surukai. Ki yi haƙuri, ni ba yadda zan yi."

Wannan magana ta fi ta dattijon rediyo yi mini ciwo. Ashe ba asalin namu ne ya dame su ba, da shi suka gan mu suka kawo goro. Abin da suka kasa haɗiyewa shi ne yanzu kowa ya san sun sani.

Washegari Baba ya sa babbar riga ya tafi wurin shugaban kwamiti ya roƙa a cire sunansa. Shugaban ya tarbe shi da fara'a, ya ce, "Haba Alhaji, ai sunan ga yanzu ba naka ba ne, na jama'a ne. In muka cire shi, yaran nan cewa za su yi an saye mu. Ka bari kawai, alheri ne Allah ya nufe ka da shi." Haka Baba ya dawo, an hana shi sunan da ubansa ya raɗa masa.

Daga nan ya yi abin da uban yarinya ba ya yi. Ya ɗauki ƙaninsa, baffana, suka tafi gidan su saurayin da ƙafarsu. Baffa ne ya ba mu labari daga baya, yana yi yana kallon ƙasa. Ya ce an karɓe su hannu bibbiyu, an shimfiɗa darduma, an kawo ruwa da lemo. Baba ya ce, "Na zo ne kan maganar yaran nan. In akwai laifi, nawa ne da na ubana. Ita yarinya ko ganga ba ta taɓa riƙewa ba." Suka ce ai babu komai, aure nufin Allah ne, matar mutum kabarinsa. Sai ɗaya daga cikinsu, wai don mutane su saki jiki, ya ce, "Alhaji, tunda Allah ya kawo ka har gida, ɗan yi mana ta maharbin nan mana."

Baba kuwa ya biye musu. Tsoho da furfurarsa, wanda ya zo roƙon auren ɗiyarsa, ya maƙale murya ya ce su riƙe shi kada ya yi ɓarna. Suka yi ta dariya har da share hawaye, yaran gida na leƙe ta ƙofa. Baffa ya ce a hanyar dawowa ya tambaye shi, "Yaya, don mi ka biye masu?" Baba ya ce, "Na zaci in sun yi dariya zuciyarsu za ta yi laushi." Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Maganar aure ta mutu a nan. Sun aiko cewa sun yafe kayan sa rana, Inna ta ce ba ta son yafiyarsu. Ta shiga Babbar Kasuwa da kanta ta sayo sabon goro da alewa, ta haɗa da duk abin da suka taɓa kawowa ta mayar musu.

Sunan Baba kuwa shi ya yi nasara. Ranar buɗe lambun aka zaunar da shi a sahun gaba. Baffan saurayin nan, wanda ya zo mana da zancen istihara, yana cikin manyan baƙi, har aka ba shi lasifika ya ce Baba ɗansu ne, abin alfaharin Katsina. Matasa suka ɗaga Yaya sama suna kiɗa. Ni ina gida. Da ya dawo ya leƙo ɗakina murya a dishe ya ce, "Mun yi nasara." Na dube shi na ce, "Ku da wa?" Mun daɗe ba mu yi doguwar magana da shi ba bayan wannan.

Bayan wasu watanni wata ƙawata ta zo da katin biki a jakarta, tana ta jan ƙafa kafin ta nuna mini. Wanda zan aura ne zai auri 'yar baffansa. A sama an jero sunayen iyaye da kakanni na ɓangare biyu, gida ɗaya ne ma. Na gangaro ƙasa inda ake rubuta wurin walima, sai ga sunan mahaifina da ruwan zinariya. A lambun za a yi, don a lokacin babu wurin da ya kai shi kyau a garin. Sunan da aka ƙi sa wa a sama, a layin surukai, shi ne aka sa a ƙasa don baƙi su san inda za su ci shinkafa.

Inna ta so ta ɓoye katin, amma Baba ya riga ya gani. Ya miƙo hannu, ya sa tabarau, ya karanta tun daga bisimilla har ƙarshe. Sannan ya miƙa mini ya ce, "Sun rubuta shi daidai." Ya tashi ya tafi alwala, alhali lokacin salla da saura.

Yanzu Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ni ma na yi aure a gidan da ba a tambaye ni sana'ar kakana ba, ina zaune lafiya da 'ya'yana. Mun shirya da Yaya, ko da yake har gobe gani yake yi abin kirki ya yi, kuma ta wani ɓangaren ban ce ya yi ƙarya ba. Wancan mutumin ma ba kewarsa nake yi ba, namijin da ba ya iya tsayawa a gaban gorin mata ba abin kewa ba ne. Amma in na ce muku na huce, na yi ƙarya. Waɗanda suka zage mu da waɗanda suka kare mu duk sun watse sun kama wata muhawarar, babu wanda ya waiwayo ya ga abin da aka tattake a tsakiyar fili. Shi ya sa in na ga ana ta ɗaga sunan wani a waya, a sa wa titi ko a sa wa makaranta, ba na sa baki. Tunanina yakan tafi kan matan da ke cikin gidansa.

Har yau ban taɓa taka cikin lambun nan ba. In hanya ta bi da ni ta ƙofarsa, mutane allo suke gani da sunan wanda gari ya karrama. Ni tsoho nake gani durƙushe a zauren mutane, yana ba su dariya don su auri ɗiyarsa, suka yi dariyar kuma ba su aura ba.