Ƙafa Ba Takarda Ba Ce

Kullum kafin mai shara ya ɗauki tsintsiya, Malam Kwali ya riga ya iso makarantarmu ta koyon sana'a, babur ɗinsa shaƙe da kwalaye da gwangwanaye kamar mai ƙaura. Daga nan ma ya samo sunan. Ni ce malamar ajin da ke jikin nasa, kuma wallahi bawan Allahn nan ya kai ni bango. In ajinsa ya cika, bayan ƙofata yake jibge tarkacensa.

Dukanmu zane muke koyarwa, amma ba mu taɓa shiri a kansa ba. Ni nakan ce wa ɗalibi ya dubi abu, ya bi gefensa da fensir yadda ido ya gani, shi ke nan. Shi kuwa sai ya tasa magidanta masu gemu a gaba su yi ta zana akwati da gwangwani har su gundura. Wai duk abin da ke duniya a kan waɗannan aka gina shi, kuma wanda bai san bayan abu ba bai san gabansa ba. Ɗalibansa kan gudo wurina da ƙorafi, ni kuma in ba su kujera da murnata.

Cikin waɗanda suka gudo akwai wani mai ɗinkin takalmi. An haifi 'yarsa da ƙafar hagu a karkace, duk takalmin da ya ɗinka mata sai ya ci mata fata, har ta daina zuwa makaranta. Ya ɗora ƙafar a takarda ya zagaye ta kamar yadda na koya masa. Zane ya fito tsaf, takalmi kuma ya sake yi mata rauni. Ran nan ya zo aji yana nuna mini ciwon.

Sai ga Malam, da ba wanda ya kira shi, ya leƙo ta taga.

"Takardar nan faɗi ta gaya maka. Tudun ƙafar fa, wa zai gaya maka?"

Ya janye mini ɗalibi ko neman izini babu. Mai gadi shaida ne, watanni suka yi suna zama bayan an tashi, yarinyar a kan tebur, uban yana zana ƙafarta ta sama, ta gefe, ta dunduniya, Malam yana yagawa yana cewa a sake. Da mutumin ya yi zuciya ya daina zuwa, Malam ya bi shi har shago.

Kai ne mai taurin kan da bai taɓa cewa abu ya yi don a ji daɗi ba, Malam. Har gobe ina nan a kan bakana cewa ido ma da aikinsa, amma na gode, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa, ku kwaikwayi nacinsa, ko da za a yi ta jin haushinku.

Ran walimar ritayarsa ma sai da ya ɓata mini rai. Ina tsaka da jawabi na ga kujerarsa babu kowa. Ashe yarinyar ce ta shigo cikin kayan makaranta, shi kuma ya je ya durƙusa gabanta yana latsa takalmin da yatsa, yana tambayar inda yake matse ta.

"Babu, Baba," in ji ta. "Jiya har tsere muka yi. Ni ce ta ƙarshe, amma na kai."

Malam bai iya ɗago kai ba. Ni ma na ninke takardata na zauna.