Amshin da Muka Yi wa Baturen Denmark

Shekarun baya, lokacin da masaƙun Kakuri ke cike maƙil da ma'aikata, an kawo mana wani Bature ɗan ƙasar Denmark mai gyaran injuna. Wata rana lokacin hutun cin abinci na tarar da shi zaune a gindin darbejiya yana rera wani abu da yarensu. Abin da ban sani ba, a ranar ake binne mahaifiyarsa can gida, shi kuwa bai samu zuwa ba.

Ni kuma Allah ya yi ni da shisshigi, ga son waƙa. Ko kalma ɗaya ban gane ba, amma kunnena ya kama karin. Ina buga yatsa a gwiwa, kowane layi na faɗowa daidai, ba ɗingishi. Amsa-amon ne ya ɗaure mini kai. Namu sauti ɗaya yakan riƙe har ƙarshe, nasu kuwa layi biyu-biyu sai ya sauya. Ga kuma wani layi da ke komowa a ƙarshen kowane baiti.

Na yafito abokina, mawaƙi ne a cocinsu. Na ce, "Kai, saurara! Wannan ai amshi ne, an bar bawan Allah yana ta fama shi kaɗai."

A wajenmu barin mai waƙa ba 'yan amshi rashin kara ne. Layin na dawowa muka cafe, muna ta murɗe harshe. Ina tafi, abokina na kiɗa da kwanon abincinsa.

Baturen ya dakata da waƙar yana kallonmu. Can ya gaya mana da Turanci cewa waƙar jana'iza ce, ya faɗi wadda ta rasu. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ce, "Oga, don Allah ka yi haƙuri, wallahi mun zaci ta biki ce."

Ya share ido. Ya ce a can jama'a ne cike da coci suke ɗaukar layin tare, shi kuwa tun safe shi kaɗai yake yi. Ya ce, "Ku ajiye kwanon, amma kar ku daina."

Muka ƙarasa ta tare, a hankali.

Tun daga ranar, in na ji mawaƙi na maimaita layi, na san wuri yake bar wa wani ya shigo. Har yau ban san ma'anar wancan layin ba. Amma ranar da muka dawo daga binne tawa mahaifiyar, shi na ji bakina yana rerawa, kuma babu mai amsa mini.