Wankan Jegon da Ban Yi Ba

Tun cikin 'yata yana wata bakwai na sayi itace. 'Yata guda ɗaya ce, haihuwarta ta fari, kuma ni zan yi mata wankan jego a ɗakina a Dilimi, yadda uwata ta yi mini. Tun rasuwar babanta gidan ya yi mini faɗi, na ƙosa in ji kukan jariri a cikinsa.

Tana dab da haihuwa haƙarƙarina na dama ya ɗauki zafi kamar an zuba barkono. Ƙuraje masu ruwa suka jeru daga baya zuwa ƙasan mama, gefe guda kawai. Ko riga ba na so ta taɓa wurin, ga sanyin Jos ba ya barin mutum ya zauna ba riga. Maƙwabciyata ta ce fitsarin gizo ne. Na wuni ina share yanar gizo ina zagin gizo-gizo, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

A asibiti nas ta duba ta ce, "Mama, kin taɓa yin ƙarambau?"

"Tun ina firamare."

"To shi ne bai tafi ba. Ƙwayar cutar tana kwanciya a jijiya shekara da shekaru, in jiki ya yi rauni ta farka. Ruwan ƙurajen nan zai iya sa wa jariri ƙarambau. Kada ki ɗauke shi sai sun bushe."

Ta ba ni magani. Da 'yata ta haihu, gidan surukarta a unguwar Ali Kazaure aka wuce da ita. Na ji haushi, kuma babu wanda zan ji haushinsa. Ranar suna ni kaɗai ce a tsakar gida, a waya aka faɗa mini sunan yaron.

Da ƙurajen suka bushe nas ta ce ba komai yanzu. Na hau keke napep da kunun kanwa a filas. Na tarar da yaron a cinyar uwarsa, ya yi ɓulɓul. Na zauna kusa, na miƙa hannu biyu.

'Yata ta dubi gefen rigata, ta gyara masa hula, ta ƙara jawo shi jikinta.

"Mama, ki bari sai wani satin," ta ce.