Faifan Yaya da Iskar Bazara

Yayana ya dawo Katsina da bazara, bayan ya daɗe yana aiki a Turai. Ya rame ƙwarai, amma bai yarda a yi zancen ba. A cikin kayansa akwai jaka cike da fayafayan roba masu kauri. Ya ce wasa ne da ya koya a can: ana jefa faifan daga nesa har ya faɗa cikin kwando, wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci.

Bayan la'asar sai ya ce in ɗauke shi a mota mu kama hanyar Batagarawa, inda gonaki suke fili kafin shuka. Mukan rataya kwandon kaba a reshen gawo. Masu babur kan rage gudu su kalli dattawa biyu suna jifa. Shi ko a jikinsa.

Jifansa na farko bai yi masa daɗi ba. Faifan ya karkata hagu da wuri, ya faɗi kamar an janyo shi.

Na ce, "Yaya, hannu ne ya mutu?"

Ya ce, "Ba hannu ba ne, iska ce. Zafin nan ya sa ta yi sako-sako, ba ta riƙe faifai. In ana sanyi takan yi kauri, sai ta tallabe shi ya yi ta shawagi."

Ban taɓa jin an ce iska tana da kauri ba. Wata rana hadari ya haɗo daga gabas, ya jefa faifan cikin iskar da ke dukan fuskarmu. Ta ɗaga shi sama, ta juya shi dama, ta kai shi bayan wata gona. Mun sha nema. Ranar ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, "Bari sanyi ya shigo, ƙanena. Da sassafe za mu zo, ka ga abin da gaske."

Damina ta sauka, gero ya rufe filin, shi kuma ya kwanta. Allah ya yi masa rasuwa kafin girbi.

Da sanyi ya shigo na je ni kaɗai. Na jefa, faifan ya miƙe yana lilo a sama, ya wuce gawon da nisa. Na juya zan yi magana, babu kowa. Duk tsawon zamansa a waje ina ɗokin ya dawo mu zauna, ashe bazara ɗaya ce rabonmu. Na ɗauko faifan, na share masa ƙasa da bakin rigata, na daɗe a mota ban tayar da ita ba.