Bayan Farin Ƙyalle

Lokacin da nake ɗan lakkwal, wato makarantar boko, a Maradi, zamanin Nasara, motar silima takan zo mana jefi-jefi. A ɗaura farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu a filin da ke gefen Sabon Gari, a tayar da inji bayan magariba. Ran da aka ce motar ta iso, karatu ba ya shiga kaina. Ni yaro ne marar magana, ko a aji mushe, malaminmu, ya kira ni da ƙyar nake amsawa. Amma da haske ya sauka kan ƙyallen nan sai in manta da kaina, in tsinci bakina yana ihu tare da na kowa. Kashegari in zauna in rubuta duk abin da na gani a wani ɗan littafi: wa ya hau doki, wa ya faɗo, wace irin riga ya sa.

Akwai wani fim baƙi da fari, ya tsufa har hotonsa yana zane-zane kamar ana yayyafi. Labarin wani saurayi ne mai takobi da ya dawo ƙwato gidan ubansa. Sau uku na gan shi, kuma duk sa'ad da ya diro daga bene bisa dokinsa sai in ga kamar wannan karon zai kuskure.

Labari ya kai wa Baba a Tsibiri. Ran kasuwa, motar tana gari, sai ga shi. Ni ɗan fari ne, ba ya kiran sunana.

"Kai ɗan lakkwal, an ce ka zama ɗan kallo. Yau zan gani da idona. In shirme ne, kai da shi har abada."

Aka yi sa'a fim ɗin nan nawa ne za a nuna. Har tsalle na yi a ɓoye. Mu 'yan lakkwal a gaba muke zama, ƙasa, kusa da kujerun ma'aikata. Baba ya dubi kujerun nan ya ce shi ba ya kutsa kai cikin masu wando. Ya ja ni bayan ƙyallen, inda mutanen ƙauye suka shimfiɗa tabarmi, tunda hoton yana ratsowa ta can ma. Muka zauna kusa da wani abokinsa, manomin Jiratawa.

Aka fara. Saurayi ya gai da wani dattijo, ya miƙa masa hannu. Baba ya gyara zama. Aka kawo abinci, saurayi ya kai loma.

"Da hagu!" in ji Baba. "Ya gai da tsoho da hagu, yanzu kuma yana ci da hagu."

Mutumin Jiratawa ya ce, "Malam, ai duk garin bahagwai ne. Dubi har tsohuwar can!"

Aka kwashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya soma laluben takalminsa yana cewa, "Wannan rashin tarbiyya kake zuwa koyo?"

Ni ma ina gani, hagu ce. Amma na san abin da na rubuta a littafina, har sau uku: tabon saurayin a kuncin dama yake. Ga shi yau a na hagu. Sai rubutun Faransanci ya fito a ƙasan hoto, na kasa karanta ko harafi ɗaya, duk sun juya mini baya. Nan na gane.

Ban taɓa kama rigar Baba ba tun da na yi wayo. Ran nan na kama.

"Baba, don Allah taho ka gani. Nan kusa ne."

Ya harare ni, amma ya biyo ni har gindin sandar da ƙyallen ya ƙare. Na ce ya leƙa gaba. Ya leƙa: takobi a hannun dama. Ya dawo da kai baya: a hagu. Ya sake leƙawa, ya sake dawowa, har wani gardi ya soma kallonmu. Can sai ya fashe da dariya, irin wadda ban san yana da ita ba, ya ɗaga murya wajen abokinsa.

"Kai, mutumin fadama, taso! Mun ɗauki alhakin bayin Allah. Da dama suke ci!"

A tsaye ya ƙarasa kallon, a gefen gaba, hularsa a ƙeya. Da wani mugu ya lallaɓo bayan saurayi, Baba ya yi tsawa, "Waiwaya, yaro!" Da aka zo wurin dirowa daga bene, sai na ji ya damƙe kafaɗata har saurayi ya zauna daram bisa doki.

Muka kama hanyar masauki. Sai da muka kai ƙofa ya ce, "Ka riƙa zuwa. Amma ka zauna ta gaba, kada ka zargi mutane a banza." Ya yi taku ɗaya, ya juyo. "Motar nan, yaushe za ta komo?"