Jirgi mai bene da kakana ya gani

Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Sai in fara rubutawa in goge, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in ɗora wa mamaci abin da bai faɗa ba. Yau dai na daure.

Shekarun baya, lokacin da shari'a ke da zafinta a Kano, kakana na wajen uwa yana raye a wani ƙauye kusa da Kibiya. Yana da labari ɗaya da ba ya gajiya da shi. Wai yana yaro an sa shi korar tsuntsaye a gonar gero, sai wani jirgi ya bi ta kansa ƙasa-ƙasa. Fiffikensa hawa biyu, ɗaya a kan ɗaya, an ɗaɗɗaure da waya, kuma ba shi da rufi. Tsaransa duk sun rasu, babu mai shaida. Mu kuwa jirgin alhazai kaɗai muka sani.

Jikoki suka samu abin tsokana. "Tsoho, yaushe jirginka mai bene zai dawo? A ajiye mana ɗakin sama!" Shi ma ba ya barin ta kwana. "Ja'irai, ku da ko akori-kura sai an turo ku kuke hawa." Wannan wasan jika da kaka ne. Abin da ya dame ni manya ne, don sun fara cewa tsufa ya taɓa shi. Aka samu saɓani kan iyakar gona a dangi, mutumin da a da shi ake fara kira, ko aika masa kawuna bai yi ba. Ranar mahaifiyata ta yi kuka. Daga nan kakana ya daina ba da labarin.

Ina da wani abokina mai shagon buga takardu a Rano. Wata rana na shiga gaishe shi, na tarar yana riƙe da wata sanda kamar giyar mota, ya ƙura wa kwamfuta ido. Na matsa na leƙa. Jirgi ne mai fiffike hawa biyu, ga wayoyin, ga kan matuƙin a waje.

"Wannan fa?" na ce.

"Jirgin yaƙi ne na da, tun kafin yaƙin duniya na biyu. Wasu masu sha'awa ne suka sake ƙera shi a kwamfuta, yadda yake sak, har ƙarar injin. Tuƙa shi ake yi. Zo ka gwada."

Ban gwada ba. Sai da na je wajen limaminmu, don lokacin an hana karta, ina tsoron ko wannan ma danginta ne.

"Caca ake yi da shi?" ya tambaye ni. Na ce a'a.

"Yana hana ka salla?" Na ce ai ko taɓa shi ban yi ba.

"To kai ɗan nan, me ka zo tambaya?"

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Idan na kai tsoho ya ga ba shi ba ne, na ƙara masa kunya. Idan kuma shi ne, kada zuciyarsa ta buga, a ce ni na kashe shi. Mahaifiyata ce ta gaji da ni, ta ce, "Kai komai sai ka tauna shi ya zama ruwa. Ɗauke shi ku tafi. Kuma kawunka ya bi ku."

Muka hau mota da hantsi. Da muka isa babu wuta, abokina ya tayar da janareto, ya ba tsoho kujerarsa. Idon kakana ya yi rauni, saboda haka sauti ne ya fara isa gare shi. Injin jirgin ya yi tari, ya kama, ya ɗauki ruri. Na ga yatsunsa sun damƙe gefen kujera. Abokina ya juyo da jirgin a hankali, tsoho ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ƙare masa kallo, sannan ya ja da baya.

"Ba shi ba ne," ya ce.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ƙaninsa ne. Nawa ya fi tsawo, kuma mutum biyu ne a ciki. Amma ga benen nan. Ga wayoyin." Bai juyo ba ya ce wa kawuna, "Kai, zo ka ƙirga min fiffiken, ni tsufa ya taɓa ni."

Kawuna ya durƙusa a gefensa. "Biyu ne, Baba. Ka yafe mana."

Tsoho ya ɗago kai. Ya kalli abokina. "Ɗana, ana iya shiga ciki?"

Abokina ya danna wani abu, sai ga mu a mazaunin matuƙi. Kakana ya ce a dakata. Ya gyara hularsa, ya karanta addu'ar hawa abin hawa, muka shafa. Jirgi ya ruga, ƙasa ta sake mu. Wallahi na san a shago nake, ina jin warin hayaƙin janareto, amma da ya karkata sai da na dafa bango. Gonaki suka koma kamar facin zane, bishiyoyi kamar tsirin gyaɗa, gajimare kuwa ga shi a gefenmu. Tsoho sai subhanallahi yake maimaitawa.

"Sauko ƙasa-ƙasa," ya ce. "Ƙara. Yauwa, nan." Ya leƙa gefen fiffike kamar mai leƙa rijiya. "Ranar na jefar da gwangwanin korar tsuntsaye na ɗaga masa hannu biyu. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Daga nan ai ana ganin mutum. Ashe sun gan ni."

A hanyar dawowa kawuna ne ya riƙa ba mutanen cikin mota labari, tsoho yana gyara masa. Kafin damina ta faɗi, shi aka riƙe wa hannu ya zaga gonar nan ya nuna iyaka, kowa ya yarda. Allah ya ji ƙansa.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Wasu mutane a wata ƙasa sun zauna sun ƙera tsohon jirgi da ba zai ɗauki kowa ba, ba su san Kibiya ba, amma aikinsu ya zo ya tsaya wa wani tsoho shaida.

Abu ɗaya ya rage da ke hana ni sakewa. Ya ce ba shi ba ne, kuma ba na so in yi ta cewa shi ne. Don Allah, duk wanda ya san wane irin jirgi ne mai fiffike hawa biyu da mutum biyu ya riƙa bi ta kudancin Kano a zamanin Turawa, ko wanda tsohon gidansu ya taɓa ba da irin wannan labari, ya sanar da ni. Mahaifiyata ta tsufa, ina so in nuna mata na mahaifinta.