Tsagar Bayan Kunne

Hambali wanzami ne a Cadawa, ɗan wanzami, jikan wanzami. Gajere ne mai tsabta, hannunsa bai taɓa rawa ba. Gidaje sun fi arba'in da ba a yin askin suna a cikinsu sai da askarsa. Aibinsa guda ne: yana son a ce ya sani. Wanzami kuwa ba don aski kaɗai ake auna masa hatsi ba, har da don ya ga abu ya ja bakinsa.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka kawo wani malamin lakol, wato makarantar boko, Mushe Maharazu (Mushe shi ne malam a bakin 'yan lakol), saurayi mai tabarau da zafin kai. Shi da abokansa biyu na Maraɗi suka fara buga wata 'yar mujalla da injin juyawa da hannu, ba ruwan gwamnati, suka sa mata suna Rumbu. Kome suka samu zubawa suke yi: waƙoƙin niƙa, kacici-kacici, zanen ƙwarya, yadda marina ke haɗa baba, da wata waƙar 'yanci ta Mushe, mai tsawon da ko shi ba ya kai ƙarshenta sai ya sha ruwa.

Wata rana ya zo ya durƙusa gaban Hambali.

"Baba, tsagar fuska ɓacewa za ta yi. Ka faɗa mini in zana, jikoki su gani."

"Takardar taka ina za ta?"

"Yamai. Har Faransa ma."

Da jin Faransa sai kan Hambali ya kumbura. A zatonsa abin da ya tafi can ba ya dawowa. Kwana uku yana bayani, Mushe na zane: ga ta Gobirawa, ga ta Katsinawa, ga ta Tazarawa, har fuska goma sha biyu. Da bakin ya yi zafi sai ya ƙara abin da ba a tambaye shi ba. Kakansa da ubansa suna da wata 'yar tsaga, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, da suke yi bayan kunnen hagu. 'Ya'yan bayin gida ake wa ita. A fuska a yi musu ta gidan kamar kowa, a kunne a bar wa iyayengiji shaida. Yawancin masu ita sun girma suna zaton tsagar magani ce.

Rumbu ta fito, ranar kasuwa ta iso Cadawa. Mai karanta wa mutane takarda shi ne Nomau, tsohon soja, aminin Hambali tun daga ɗakin kaciya. Ya zauna gindin gawo kusa da tabarmar aski, jama'a ta kewaye shi. Ya karanta waƙar niƙa, mata suka gane mai ita, aka sha dariya.

"Kai, Wanzami, ga sunanka!" in ji Nomau. "Ashe wannan munin naka zai shiga takarda?"

"Karanta dai, Soja, in ba ƙarya kake kana iyawa ba."

Nomau ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, mutane na nuna nasu. Zane ai ba ya bukatar lakol. Ya zo kan zanen kunnen, ya karanta abin da ke ƙasa da ƙarfi, da muryarsa ta fareti. Bai kai ƙarshe ba muryar ta mutu. Hannunsa ya tafi bayan kunnensa na hagu, kowa na kallo.

Daga ranar nan garin ya koma kallon kunnuwa. Mata suka sauko da kallabi, maza suka danne hula. Masu tsagar suka daina kiran Hambali don haushi, marasa ita don tsoron abin da ya rage a bakinsa. Ya je wurin Mushe ya ce a kankare. Mushe ya ce guda tamanin aka buga, kuma shi nufinsa ya nuna zaluncin da ya wuce ne. A lakol kaɗai ya wuce ɗin. Rumbu ba ta kai fitowa ta huɗu ba.

Bayan kwana goma, da hantsi, Nomau ya zo ba sallama, ya zauna kan tabarma, ya tuɓe hula.

"Cire ta."

"Nomau, in na yanka tabon zai fi ta girma."

"Ubanka ya sa. Kai za ka cire."

Hambali ya wasa aska. Ranar ce hannunsa ya yi rawa. Ya yanke fiye da yadda ya nufa, jini ya jiƙa wuyan riga. Nomau ya tashi ya tafi. Da wurin ya warke sai ya bar tabo kamar babban yatsa, ana hango shi daga wancan gefen kasuwa, kuma ba wanda bai san abin da ke wurin dā ba.

Da Dija ɗiyar Nomau ta haihu, daga Gangara aka kirawo wanzami. Hambali yana zaune ƙofar gidansa baƙon ya wuce shi, har ya gaishe shi.

Hambali ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, yana yi wa makiyaya ƙaho a kasuwar dabbobi, su da ba su taɓa jin labarin Rumbu ba. Da ya rasu Nomau ya zo salla, ya tsaya sahun ƙarshe hula a danne, ya tafi bai yi wa kowa gaisuwa ba. Zabirar askan ta daɗe rataye a zaure, ba wanda ya ce yana so.